Oben ɗin gwanjo ya ƙi kunnuwa: a gyara ko a sayi wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yin kek ina sayarwa a Pantami, cikin Gombe. Maigidana ya sayo min ƙaramin oben a wajen 'yan gwanjo, sun ce daga Ingila ya zo, a cikin ɗakin nan mai taya da Turawa ke ja da mota su tafi hutu aka ciro shi. Da gas yake aiki, amma akwai wayoyi biyu a bayansa, babu fulogi. In na danna maɓallin tartsatsi, shiru. In na kunna da ashana ya kama, da na saki makunni sai ya mutu. Wani yaro mai gyara ya ce a sa masa fulogi a jona a soket. In bari ya sa, ko in haƙura in nemi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada ki bari a jona wayoyin nan a soket. Irin wannan oben an ƙera shi ne ya sha wutar batir mai volt 12, kamar ta mota, ita kuma wutar NEPA da ke bangonki volt 230 ce. Da an jona, akwatin tartsatsin ya ƙone nan take, kuma wuta na iya bin jikin ƙarfen da tiyon gas ke manne da shi. Ki duba ɗan farantin da ke bayansa ko bakin ƙofarsa. In kin ga 12V, magana ta ƙare: rewaya mai gyaran wutar mota za ki kira, shi ya san wannan harka.

A rufe tukunyar gas tukuna. Rewaya ya kawo batir ɗin babur ko na sola, ya sa fis a tsakani, ya tabbatar bai juya wayoyin ba. In kin danna kika ji ƙas-ƙas-ƙas, to dama lafiyarsa ƙalau, wuta ce kawai bai samu ba, kuma adafta mai volt 12 ta ishe shi. In shiru ne, a bi wayoyin da ido. Kayan da suka daɗe a ajiye, sau da yawa za a tarar bakin waya ya yi kore da tsatsa, ko ɓera ya gwaguye roba, ko kyankyasai sun yi gida a bayan maɓalli. In kuma ana jin ƙarar amma ba a ganin tartsatsi a bakin murhu, a duba farin tangaran ɗin nan da ke riƙe da tsinken da ke fitar da tartsatsin. Maiƙo kan toshe shi, in kuma ya tsage tartsatsin yakan zille ta gefe.

Mutuwar da yake yi in kin saki makunni matsala ce daban, babu ruwanta da batir. Kusa da harshen wutar akwai wani siririn ƙarfe, tamokopul, wanda sai ya ɗauki zafi yake riƙe ƙofar gas a buɗe. Ki danne makunnin kamar daƙiƙa 15 bayan ya kama, sannan ki saki. In ya sake mutuwa, a goge kan ƙarfen da sanfefa mai laushi, a gyara zamansa yadda wuta za ta riƙa lasarsa, a ɗan matsa noti ɗinsa. In duk bai yi ba, a canza shi. Wani zai ce miki a cire shi ko a ɗaure makunnin da waya. Kada ki yarda, ko da ya rantse ya sha yi. Tamokopul ɗin ne ke yanke gas in iska ta kashe wuta kina tsakar gida, yara na kicin.

Ki sa ido kan regileta ma. Tsofaffin oben na Ingila irin wannan da milibar (ma'aunin ƙarfin fitowar gas) 28 ko 37 suke aiki, na baya-bayan nan 30, don haka regileta mai ƙarfi irin ta masu suyar kasuwa ba tasa ba ce. A shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, a ga ko zai yi kumfa. Harshen wuta ya zama shuɗi. In ya yi rawaya yana baƙanta tukunya, ki kashe, ki buɗe taga.

Ni a ganina, in matsalar ta tsaya a waya, fis ko tamokopul, ki gyara, ba zai ci miki kuɗi ba. In gas na yoyo daga bututun ciki, ko tsatsa ta huda ƙasansa, ki rabu da shi, domin samun kayansa na asali a Gombe da wuya. Sannan ki tuna don girkin mutum biyu ko uku aka yi shi. In oda ta fara yawa, lokacin biki ko sallah, ki nemi babban oben na gas irin wanda masu walda ke haɗawa, ki sa a kunna shi a gabanki, ki gasa faranti ɗaya ki ga ko gefe da tsakiya sun nuna tare kafin ki biya.