Tambaya da Amsa: Ya Rage Bashin Gida, ko Ya Bar Kuɗin a Asusu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana na fari yana aikin jinya a ƙasar Ingila, kuma ya sayi gida da bashin banki, irin wanda ake haɗawa da asusun ajiya. Saura fam 200,000 ake bin sa, ya kuma tara fam 30,000 a wancan asusun. Na ce masa ya kwashe kuɗin ya rage bashin, domin ko da yake an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni ban iya barci da shi ba. Ya ce barin kuɗin a asusun ma rage bashi ne. Gaskiya yake faɗa mini, ko lallashina yake yi? Daga wani dattijo a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Yaronku bai ɓoye muku gaskiya ba, sai dai maganarsa tana bukatar ƙarin bayani. Irin wannan bashi, wanda ake kira ofset a Ingila da Ostireliya, tsarinsa shi ne banki ya cire abin da ke cikin asusun ajiya daga uwar bashin kafin ya lissafa kuɗin ruwa, kuma galibi kullum ake yin wannan lissafi. Saboda haka a kan fam 170,000 ake ɗora masa ruwa, ba a kan 200,000 ba. Idan muka ƙaddara ruwan kashi 5 cikin 100 ne, ajiyar tasa tana kare masa kusan fam 1,500 a shekara, kuma da ya kwashe ta ya zuba a bashin, abin da zai tsira da shi ke nan, ba ƙari ba ragi.

To ina bambancin yake? Ku dubi magidancin da ya cika rumbu da gero bayan kaka, da maƙwabcinsa da ya sayar da nasa ya sayi siminti ya ɗaga katanga. Dukansu biyu dukiyarsu tana nan, amma ranar da bazara ta yi tsanani, ɗaya zai buɗe rumbu ya auna tiya biyu a kai wa mai daka, ɗayan kuwa ba zai iya ɓanɓaro bulo ya dafa ba. Kuɗin da aka biya a bashi ya shige cikin gini. In ana son su dawo, sai an sake roƙon banki rance, ya sake binciken albashi, kuma yana iya ƙi, musamman a lokacin da aiki ya tsaya, wato daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Wannan batu ya fi nauyi ga ɗan Damagaram da ke ƙetare, domin ba kansa kaɗai yake riƙe da shi ba. Wayar da za ta tashe shi da tsakar dare a ce an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti ba ta jiran banki ya gama nazarin takardu, kuma tikitin jirgi zuwa Yamai ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ajiyar tana da kariya: hukumar FSCS ta Birtaniya, mai biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, tana lamunce kuɗin mutum ɗaya a banki ɗaya har fam 120,000 tun daga 1 ga Disamba 2025, a da kuwa 85,000 ne. Kuma da yake asusun ba ya haifar da ruwa, babu harajin da za a bi shi a kai.

Duk da haka, shawararku tana da gurbinta. Bankunan can suna yanka farashin ruwa bisa girman bashi idan aka gwada shi da darajar gida, kuma akan samu sauƙi a matakai irin su kashi 75 ko 60 cikin 100. A wannan awo ba a duba ajiyar da ke gefe, uwar bashi kawai ake dubawa. Idan wa'adin yarjejeniyar farashin ruwan da ya ƙulla da banki ya kusa cika, kuma biyan wani kaso zai sauko da shi ƙasa da ɗaya daga cikin matakan nan, biyan yana da riba. Sai dai ya fara karanta takardarsa, domin yarjejeniyoyi da yawa suna ƙayyade ƙarin biya a kashi 10 cikin 100 na bashin a shekara, abin da ya haura kuma a ci shi tara.

Abu na biyu shi ne hali, kuma a nan ina roƙon ku yi mini haƙuri, Baba. Rumbun da kowa ya san a buɗe yake ba ya kai wa damina. Idan dangi suka ji akwai fam 30,000 a ajiye, bukatun biki da suna da jarin kasuwa za su yi ta zaizayar su, ruwan bashin kuma ya koma yana hawa. Ku ne kuka fi kowa ikon tsare masa wannan ƙofa.

Hukuncin ruwan da ke kan bashin kansa na malamai ne, kuma ya dace a kai musu. Amma in burinku ya fita daga ciki da wuri, ku ce masa ya zaɓi a rage masa shekarun biya maimakon a rage abin da yake biya duk wata, domin bankuna da dama suna ba da wannan zaɓi.

Da ni ne, zan bar abin da zai riƙe gida wata shida tare da kuɗin tafiyar gaggawa a cikin asusun, in kuma jinkirta taɓa sauran har lokacin sabunta yarjejeniya. In kun yi waya da shi ranar Juma'a, ku tambaye shi watan da wa'adin zai cika, da kashi nawa bashin yake a kan darajar gidan a yanzu.