Abin da ke mai da mu bayan sati biyu

Jiya muna kan babur ka ce mini, "Maigida, tunda mun fesa wa ɗakin nan maganin kuɗin cizo lungu da saƙo, me zai dawo da mu bayan sati biyu? Matar gidan ma cewa ta yi dabarar cin kuɗi ce." Shirun da na yi maka ba da kai nake ba. Irin wannan maganar ce ta raba ni da babur ɗina na farko, kuma har yau in na ji ta sai zuciyata ta tafasa.

Ƙwai ne ke mai da mu. Magani yana kashe kuɗin cizon da ya taɓa, amma ƙwan da tamata ta liƙa cikin ɗinkin katifa da tsagar katako ko a jikinsa. Fari ne, bai kai ƙwayar gero ba, cikin kwana 6 zuwa 10 ya ƙyanƙyashe. Ɗan kuma sai ya yi saɓa sau 5 kafin ya balaga, kowace saɓa sai ya sha jini. Muna komawa ne mu tarar da 'ya'yan kafin su ma su fara zuba nasu, don tamata guda tana iya yin ƙwai 200 zuwa 500 a rayuwarta.

Ina sabon cin gashin kaina wani mai makarantar kwana ya kira ni. Ɗakunan kwana huɗu, gadajen ƙarfe masu hawa biyu. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙarnin nan nasu. Na ɗaga katifa ɗaya na haska tocila, ɗinkin ya yi baƙi ƙirin da kashinsu, bango kuwa duk jirwayen jini inda yara ke murƙushe su da yatsa cikin dare. Akwai wani ɗan aji ɗaya da ban manta ba. Ya sosa ƙwaurinsa har ya zama gyambo yana ruwa, idonsa fari fat, malaminsu na cewa wai malalaci ne, kullum gyangyaɗi yake a aji. Yaron da ake sha wa jini daga isha'i zuwa asuba, ina zai ga barci?

Muka yi ciniki a kan zuwa biyu, da baki kawai, ba takarda ba shaida. Wannan wautar tawa ce. Ya ba ni ɗan kafin alƙalami, na ci bashin magani a kasuwar Sabon Gari, na ɗauki yara uku. Kwana uku muna kwance gadaje, muna zuba tafasasshen ruwa cikin bututun ƙarfe, muna shanya katifu a rana. Da sati biyu ya cika na dawo da famfona a baya, sai mai gadi ya tare ni, wai Alhaji ya ce ƙwari sun mutu, aiki ya ƙare. Na roƙe shi, na ce ko kyauta ne a bar ni in yi na biyun. Ya ce ya san halinmu. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki abin ya dawo fiye da da. Alhajin ya hana ni cikon kuɗina, ya kuma bi iyayen yara da masu makarantu yana cewa ruwa na fesa masa. Babur na sayar na biya mai magani. Shekara guda ba wanda ya kira ni a shiyyar nan.

Abin da ya fi ci mini rai ya biyo baya. Ya je ya sayo ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake a sito, ya sa aka jefa ƙarƙashin gadaje aka rufe tagogi. Iskar da take fitarwa guba ce, tana kashe mutum. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an kwashi yara zuwa asibiti suna amai, numfashi na sarƙewa. Likitoci ba su tabbatar kuɗin cizo na ɗaukar cuta daga wani ya sa wa wani kamar yadda sauro ke yi ba. Ɓarnarsa ƙaiƙayi ne, da gyambon susa, da rashin barci, in ya yi yawa har ƙarancin jini ga ƙananan yara da tsofaffi. Amma gubar da mutane ke zubawa cikin ɗaki saboda kunya da gajiya, ita ke kai su kushewa. Don haka ranar da na ji ka taɓa ƙwayar nan, ko ka zuba wa katifar mutane ota-piya-piya, ranar ka bar shagona.

Yadda ake haɗa magani da sa takunkumi ba zan tsaya ina maimaita maka ba, wata takwas kana kallona. Matsalarku ku yaran yanzu sauri. Ku shiga ɗaki, ku fesa tsakar ƙasa kamar masu yayyafa turare, ku fito kuna danna waya. Ƙwaron nan ba a fili yake ba. Yana bayan hoton bango, cikin soket, cikin akwatin kayan lefe, cikin kujerar gwanjo da aka sayo jiya, kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba yana jira. Maganin da ke cikin gidan sauro ma da yawansu sun daina jin sa, shi ya sa nake canza iri tsakanin zuwan farko da na biyu, nake kuma dagewa a wanke zannuwa da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60. Kada ka bari kowa ya ce maka ciwon ƙazamai ne. A 2023 birnin Faris na Faransa ya rikice a kansa, ana ta kukan an gan shi a jiragen ƙasa da gidajen sinima.

Ranar Asabar za mu koma gidan matar nan. Kafin ka sauke famfo, ka ɗaga katifar yaranta ka haska mata ɗinkin ta gani da idonta. Littafin rasit yana aljihun jakata, ka rubuta zuwa biyu da kuɗin kowanne, ta sa hannu.