Inda Ake Rage Kuɗi a Ais Kirim ɗin Bazara

Ka ce mini: "Maigida, madara da sukari sun yi tsada, kuɗin da ke hannun yara kuma bai taka kara ya karya ba. Na rage sukari, na ƙara ruwa, sai ais kirim ɗin ya fito kamar dutse, ana taunawa yana ƙaras-ƙaras. A ina zan rage kuɗi ba tare da kaya ya lalace ba?"

To, yarona, a wurin da bai kamata ba ka sa wuƙa. Sukari ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ne yake hana ruwan haɗin daskarewa gaba ɗaya, shi ya sa abin yake narkewa a baki da laushi. Da ka janye shi, ruwa zalla ya rage, ruwa kuwa ƙanƙara yake zama. Masu zuba sakarin, wato sinadarin zaƙin da ake sawa maimakon sukari, su ma nan suke faɗawa: zaƙi ya fito, laushi babu, ga ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Yaro ya sha sau ɗaya, gobe kular wani zai nufa.

Ga awon da za ka riƙe. Ruwa lita 10, madarar gari mai maiƙo kilo 1 da rabi, sukari kilo 2, sitacin masara ko garin kastad giram 300, gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Zai ba ka wajen lita 12, wato ƙulli 150 in kana zuba mililita 80 a kowace leda. Sitacin nan shi ne mai ceton jari: yana riƙe ruwa, yana ba haɗin jiki, sai ka tsira da madara kaɗan. Amma kar ka zarce awo, in ya yi yawa koko ka daskarar.

Ka fara dama sitacin da ruwan sanyi a kwano daban. Madara kuma da ruwa mai ɗumi ake kwaɓa ta, in ka zuba ta a tafasasshe gudaji za ta yi. Ka haɗa su a tukunya da sukarin, wuta kaɗan, muciya ba ta tsayawa, domin madara da sitaci saurin kamun gindi gare su, ƙauri kuwa ko turaren filebo nawa ka zuba ba ya ɓuya. Da ya fara ɓararraka ya yi ɗan kauri, ka tsoma cokali ka ja yatsa a bayansa. In layin ya tsaya bai haɗe ba, sauke. In nonon saniya ka samu da araha a rugar Fulani, sai ya zama ɗanye sabon tatsa, ka tace, ka tafasa shi sosai tukun.

Kar ka bar tukunya ta huce da kanta. A Afrilu zafi yana haura digiri 40 a nan wajen Ringim da Gumel, madara mai ɗumi kuwa awoyi kaɗan sun isa ta juya. Ka dasa tukunyar a bahon ruwan sanyi, kana canja ruwan, sai ta huce sarai sannan ka sa filebo ka buga da maburgi kamar minti 10. Iskar da ta shiga ita ma laushi ce, kuma kyauta ce.

Yanzu ga inda ake rage kuɗi. Lokacin mangwaro ne, ka nemi nunanne, ka markaɗa, ka tace zaren, ka zuba lita 2 a haɗin bayan ya huce. Ka huta da sayen kala da filebo, sukarin ma ka iya rage kwata kilo tunda mangwaron ya zo da nasa. Garin kwalba na ƙwallon kuka ma yana yi, amma tsami gare shi, in ka zuba a madara mai zafi tsinkewa za ta yi. Sayen madara ƙulli-ƙulli a shago kuma shi ke cinye riba. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a ɗauko buhu mai kilo 25 daga Kasuwar Singa a Kano, ku raba.

Ƙaras-ƙaras ɗin da ka ji, rabinsa laifin firiza ne. Abin da ya daskare a hankali ƙwayoyin ƙanƙararsa manya suke fitowa. Ka shimfiɗa ledojin kwance, layi ɗaya, jikin bango da ƙasan firiza, kar ka jibge su tsibi guda na tsakiya ya kwana ruwa. Ka bar ɗan fili a wuyan leda kafin ka ƙulle, haɗin yana kumbura in ya daskare. In wuta ba ta da tabbas, ka fasa bulon ƙanƙara, awo 3 na ƙanƙara awo 1 na gishiri, ka binne ledojin a ciki a kula. Sanyin wannan haɗi yana iya kai digiri 20 ƙasa da sifili. Sai dai ƙullin ya zama mai kyau, ka kuma ɗauraye ledojin kafin sayarwa, in ba haka ba gishiri yaro zai fara lasa.

Wanda ya narke a kula ya koma ruwa, kar ka mayar da shi firiza. Zai fito da tsakuwar ƙanƙara, kuma madarar da ta wuni a rana tana ɓata ciki. Ranar kasuwa ka ɗebi abin da za ka iya sayarwa kafin azahar, ka rufe saman kular da buhun algarara jiƙaƙƙe, ka ajiye ta a inuwa, sauran ka dawo ka ɗauka da la'asar.