Tambaya da Amsa: In shiga filin tsere da ƙaramar motata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Kawu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Leicester. Maigidana ya saya mini tikitin yini guda a filin tseren motoci na Donington Park, irin ranar da ake buɗe wa jama'a su shiga da motocinsu na hawa. Motata ƙaramar Ford Fiesta ce. Shekara shida ina tuƙi ban taɓa gogar kowa ba, amma da na kalli bidiyon wurin na ga su Porsche da BMW suna wucewa kamar walƙiya, sai cikina ya ɗuri ruwa. Tsorona kada in tare wa mutane hanya su yi ta yi mini tsaki. In je, ko in ce ya karɓo kuɗinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki je. Ki kuma gode wa maigidan, don ba kowane miji ne yake irin wannan kyauta ba.

Ki fara cire kalmar tsere daga ranki. Filin na tsere ne, amma ranar ba ta tsere ba ce. Babu na ɗaya, babu kofi, masu shirya irin wannan rana a Ingila ma hana auna lokaci suke yi, wanda aka kama yana gasa da wani kuwa sai a ɗaga masa baƙar tuta a fito da shi. Abin da ake so daga gare ki guda ne: na bayanki ya iya sanin abin da za ki yi kafin ki yi shi. Mai tafiya a hankali a kan layinsa ba ya ba kowa tsoro. Wanda ake tsoro shi ne mai firgita, wanda zai hango mota a madubi ya fizge sitiyari ko ya danna birki a tsakiyar kwana don ya ba da hanya.

Ga yadda ake yi. A irin wannan rana ba a wuce mutum sai da yardarsa, kuma a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai, ban da kwana, ban da wurin taka birki. Idan kin ga mota ta manne miki a baya kina cikin kwana, ki manta da ita, ki gama kwanarki yadda kika faro. Da hanya ta miƙe sai ki kunna sigina, ki raɓe gefe, sannan ki ɗan ɗaga ƙafa daga totur. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suke mantawa. Sai mutum ya raɓe amma ƙafarsa tana dannawa har ƙasa, motoci biyu su jera kafaɗa da kafaɗa har bakin kwana ta gaba, a nan ake samun matsala. A yawancin ranakun Ingila ta hagu ake wucewa, mai ba da hanya ya koma dama, amma ki kasa kunne a taron bayanin safe, don abin da aka faɗa a nan shi ne doka. Wanda bai halarci taron ba ba ya shiga fili. Bayansa za a jera ku a bayan motar jagora a zaga a hankali don ku ga hanya. Kada ki ɗauki wannan zagayen wasa, a nan za ki lura da inda masu tuta suke tsaye.

Tutocin ba su da wuya. Rawaya: akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ba wucewa. Ja: an tsayar da kowa, a koma layin gareji a hankali. Shuɗiya: akwai wanda ya fi ki sauri a baya. Mai ratsin ja da rawaya: kwalta tana da santsi, ko mai ya zube ko wani abu. Mai dabbare-dabbaren baƙi da fari: lokaci ya cika.

Yanzu bari in ba ki labarin kaina, ko kya ji sanyi. Ranar da na fara shiga fili, ina da shekara goma sha ɗaya a aikin gareji, ina ganin babu abin da wani zai koya mini game da mota. Na ƙi ɗaukar malami, na ƙi fitowa in huta. Wajen zagaye na goma sha biyu na taka birki a ƙarshen miƙe, sai na ji feda ta tafi ƙasa laɓas kamar na taka soso. Man birki ya tafasa. Ni makanike, na zo da tsohon mai wanda ya sha ruwa shekara da shekaru. Allah Ya taimake ni akwai tsakuwa a wurin, motar ta nutse a ciki har gindin ƙofa. Aka ɗaga jar tuta, mutum kusan talatin suka koma gareji saboda ni, aka jawo ni da igiya ina sunkuyar da kai. Ina zaune a kan taya ina jiran zagi, sai ga wani dattijon Bature mai tsohuwar Mazda MX-5 ya miƙo mini shayi a kofin takarda. Bai ce mini uffan a kan abin da ya faru ba. Tambayata ya yi yaushe rabona da canza man birki, sannan ya ce in ina so in zauna a gefensa ya zaga da ni. Motarsa ba ta kai tawa ƙarfi ba, amma a kwana hannunsa ko rawa ba ya yi, ga shi yana ta hira. A zagaye uku na koyi abin da ban koya ba tun safe.

Saboda haka, kafin ranar ki kai motar a duba birki da tayoyi, a canza man birki in ya daɗe. Ki kwashe komai daga ciki, har robar ruwa, don in ta gangara ƙarƙashin feda babu daɗi. Ki tafi da lasisinki. Hular kwano dole ce, akan kuma ba da haya a wurin. Abu guda da zan ja kunnenki a kai: inshorar da kike hawa titi da ita galibi ba ta aiki a cikin fili, in an yi karo kowa shi zai gyara tasa. Akwai inshorar yini guda ta musamman, ki tambayi farashinta. In an raba mutane rukuni-rukuni, ki shiga na 'yan koyo ba tare da jin kunya ba, ki kuma biya a sa miki malami ko na minti ashirin ne. Da koyo akan iya.

Kada ki wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin a jere. Zagayen ƙarshe ki yi shi a hankali iska ta huce birki, in kin tsaya kuma kada ki ja birkin hannu, don yana iya mannewa saboda zafi. Ki kashe mota ki bar ta a giya.

Donington kuwa wuri ne mai daɗi. Bayan kwanar farko, Redgate, hanya takan gangara tana lanƙwasa dama da hagu, wurin da ake kira Craner Curves, sai kin ji kamar cikinki ya rage a sama. A filin nan ne shahararren direban tsere Ayrton Senna, a 1993, cikin ruwan sama, ya taso daga na biyar ya zama na ɗaya kafin a gama zagayen farko. Ke dai ba shi ba ce, ni ma haka. Ki riƙa kallon nesa, inda kike son zuwa, ba hancin motarki ba.

Tambaya: Kawu, ina zaune a Jamus, shekara uku ke nan ina shiga filin tseren motoci na Nürburgring ranakun da ake buɗe wa kowa. 'Yan koyo sun ishe ni. Sai ina cikin zagaye mai kyau wani ya tare ni da motar kai yara makaranta. Ba laifi ba ne in matse shi in haska masa fitila har ya kauce?

Amsa: Ɗana, laifi ne, kuma kai ma ka sani, shi ya sa ka tambaya.

Hanyar arewa ta filin nan ta kai kilomita 20.8, tun 1927 take, ga tudu ga gangare ga kwanonin da ba a ganin bayansu. Ba banza tsohon zakaran tseren motoci Jackie Stewart ya yi mata laƙabi da koriyar jahannama ba. Kai ka shekara uku kana haddace ta, shi yau ya fara ganinta. Kuma a ranakun da kake magana dokar titin Jamus ce take aiki a wurin: ta hagu kaɗai ake wucewa, an kuma hana gasa. Kuɗin da ka biya a ƙofa shi ya biya. In ka matse shi ya firgita ya juya a gabanka, kai ne za ka fara cin karo da shi, ƙarfen gefen hanya da aka lanƙwasa ma sai an kawo takardar kuɗinsa.

Ka ba shi tazara, ka fito ta inda zai gan ka a madubinsa na hagu, ka jira miƙe. In ya ba ka hanya ka ɗaga masa hannu. In ka same shi a wurin ajiye motoci, kada ka fara da "ka tare ni". Ka tambaye shi ko yau ne zuwansa na farko, in ya ce e, ka buɗe masa ƙofar gefenka ka zaga da shi sau ɗaya, da rabin gudun da ka saba.