Ƙuri'ar yaƙin Iraƙi da uzurin "an yaudare mu"

Ɗan'uwa, ka tambaya ko adalci ne a ci gaba da tuna wa 'yan siyasar Amurka ƙuri'ar da suka jefa ta amincewa da yaƙin Iraƙi, tunda sun ce gwamnatin Bush ce ta yaudare su. Na bi wannan al'amari tun lokacin da muke kasa kunne a rediyo, daga baya na zauna na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. A ganina adalci ne, domin bayanan da aka nuna wa masu amincewa su aka nuna wa waɗanda suka ƙi.

A watan Oktoban 2002 majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 296, masu ƙi 133. A majalisar dattawa kuwa 77 da 23 ne. Hillary Clinton da Joe Biden da John Kerry da John Edwards duk sun amince. Ted Kennedy da Robert Byrd da Russ Feingold sun ƙi. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Bob Graham, shugaban kwamitin leƙen asiri na dattawa. Ya karanta cikakken rahoton sirri na hukumomin leƙen asiri kan makaman Iraƙi, ya roƙi abokan aikinsa su je su karanta, sannan ya ƙi. Kaɗan ne suka je. Paul Wellstone kuma zaɓe na gabansa saura makonni, amma bai ji tsoron ƙuri'ar masu zaɓe ba, shi ma ya ƙi. To, idan yaudara ce, me ya hana ta kama waɗannan?

Yaudarar kam an yi ta, har da sunan ƙasarmu. An ce Saddam ya nemi sayen yuraniyom a Nijar. An tura Joseph Wilson, tsohon jakadan Amurka, Yamai a farkon 2002, ya dawo ya ce da wuya maganar ta zama gaskiya, kuma a Maris 2003 Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya a lokacin, ya shaida wa kwamitin sulhu cewa takardun da aka kafa hujja da su jabu ne. Duk da haka aka shiga yaƙin cikin watan.

Kada ka tsaya kan babbar ƙuri'a kaɗai. Mai cewa "ni ƙarfin ciniki na ba shugaba, ban ce ya kai hari ba", duba me ya yi da gyaran da Sanata Carl Levin ya kawo wa ƙudurin, wanda ya nemi a bi ta Majalisar Ɗinkin Duniya tukuna, in ta gagara a dawo majalisa. Sanatoci 24 kacal suka goyi baya, kuma Clinton ba ta cikinsu.

Batun kuɗi ya fi sarƙaƙiya, a nan nake sassauta hukunci. Lawrence Lindsey, mai ba Bush shawara kan tattalin arziki, ya ce yaƙin zai iya cin dala biliyan 100 zuwa 200, ba a jima ba ya rasa kujerarsa. Abin da aka ware kai tsaye ya haura biliyan 800, akasari ta kasafin gaggawa da bashi. Sojojin Amurka kusan 4,500 suka mutu, 'yan Iraƙi kuwa dubban ɗaruruwa, Allah Ya jiƙan su. Amma da zarar sojoji suna fagen daga, duk wanda ya ƙi kuɗin sai a ce ya yi watsi da 'ya'yan mutane. Kerry ya ƙi dala biliyan 87 a 2003, aka yi ta dukansa da ita a zaɓen 2004. Obama, wanda ya soki yaƙin tun yana majalisar jihar Illinois, da ya shiga dattawa a 2005 ya yi ta amincewa da kuɗin, sai a Mayun 2007 ya ƙi. Ban sa irin wannan ƙuri'a a sikeli ɗaya da ta 2002 ba, lokacin da ba a fara mamayar ba tukuna, kuma cewa a'a na iya hana jini zuba.

Sai ka duba ranar nadama. Edwards ya fito ya ce ya yi kuskure a 2005. Clinton ba ta faɗa ƙarara ba sai 2014, bayan ƙuri'ar ta taimaka wajen kayar da ita a zaɓen fid da gwani na 2008.