Kyamara mai ɗaukar kowane ɓangare: ta dace da hawan Shere, amma ba ta ƙwallo ba ce

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana so ka sayi kyamarar nan ta 360 don hawan duwatsun Shere da yawon babur, kuma ka riƙa ɗaukar wa ƙungiyar unguwarku wasan ƙwallo, kana tambaya ko ita kaɗai za ta wadatar. Na jima ina aiki da irinta a nan Jos, ga kuma abin da na gani.

Na dutse da na babur, saya kawai, ba za ka yi nadama ba in sha Allahu. Na ƙwallo kuwa, kada ka sa rai.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. Idanu biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne ya kumburo waje yana ganin fiye da rabin kewaye, sai ta ɗinke hotunan biyu su zama guda. Shi ya sa ba ka saita ta. Kana tsakiyar hawa, hannu biyu a jikin dutse, numfashi na sama-sama, ita tana can a kan sanda a bayan jakarka tana kwasar komai: kai, abokan tafiya, kwarin da ke ƙasa, garin Jos can nesa. Sai ka dawo gida ka zaɓi inda kake so mai kallo ya duba. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, kuma duk wanda ya hau ya san akwai wuraren da ba a sakin hannu don a gyara kyamara. Sandar ma ba ta fitowa a hoto, don tana faɗawa daidai tsakanin idanun biyu inda ake ɗinkin, har mutane su riƙa tambaya ko jirgi mara matuƙi ne ya biyo ka. A kan babur kuma tana shanye girgizar hanya, ko ka karkata a kwana hoton na nan a miƙe.

To amma lambar da ke jikin kwali tana ruɗin mutane sosai. In an rubuta 5.7K, kamar Insta360 X3 da ta fito a 2022, ɗigon hoto 5,760 ne aka shimfiɗa a duk kewayen. Kai kuma abin da za ka yanko ka nuna bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, wato ɗigo 1,440 a faɗi. Mai 8K, irin X4 ta 2024 ko X5 ta 2025, ɗigo 7,680 ne, kashi ɗaya cikin huɗunsa 1,920, daidai da bidiyon 1080 da wayarka ke ɗauka tun tuni. Yanzu ka ɗauka kana tsaye a bakin layi, ana kai hari a ragar can. Ɗan wasa zai fito ƙarami ƙwarai, in ka jawo shi kusa hoton ya dagule, ko lambar rigarsa ba za ka karanta ba. Wayarka a kan sanda mai ƙafa uku ta fi ta a wannan aikin nesa ba kusa ba. Inda take amfani a ƙwallo shi ne ka kafa ta a bayan raga, nesa da inda harbi ke sauka, ko a tsakiyar da'irar 'yan wasa lokacin atisaye. Duk abin da ke cikin taku kaɗan daga gare ta yana fitowa tsaf.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne maganar idanun nan. Tunda a waje suke, ba ta da gefen da za ka kwantar da ita lafiya. Ka ajiye ta a kan dutse sau ɗaya, iska ta ture ta, shi ke nan, tabon zai riƙa bin duk bidiyon da ka ɗauka. Duwatsunmu kuma masu kaushi ne. Ka sayi murfin kariya na gilashi tun ranar farko, kuma ta zauna a cikin 'yar jakarta muddin ba ɗauka take yi ba. Da hunturu, kada ka goge ƙura da bakin riga, tsakuwa ce ƙanana kake murzawa a kan gilashin. Ka hure tukuna, sannan ka sa ƙyalle mai laushi. Wannan ne ya sa nake ganin X5 ta cancanci ƙarin kuɗinta ga mai hali, don ita ana iya cire idon da ya karce a sa sabo a gida. GoPro Max 2 ma haka aka yi ta.

In ka gangara wurin magangarar ruwa ta Assop, ruwa ba zai lalata ta ba, X3 da X4 suna jure zurfin mita 10. Matsalar feshin ruwan ne, ɗigo ɗaya a ido ya isa ya ɓata ɗauka, sai ka riƙa dubawa. Da magariba kuwa hoton yakan yi dishi-dishi, musamman a tsofaffin samfura.

Kada ka manta aikin gaske yana bayan ɗauka ne. X3 a mafi kaifinta tana cin kusan giga ɗaya a minti, don haka ka nemi memori mai alamar V30 (alamar saurin ajiye bidiyo) na asali, jabu zai tsayar maka da ɗauka a tsakiya. Tacewar a manhajar Insta360 ake yi, kyauta ce, amma tana son waya mai ƙarfi da sarari, ga zafi ga cin caji. Na san mutane da dama da kyamarorinsu ke kwance a durowa, ba don sun lalace ba, sai don ba su da haƙurin zaman tacewa. Ka riƙa ɗaukar gajeru, rabin minti zuwa minti ɗaya, ya fi ka bar ta tana aiki tun daga gindin dutse.

Sai batun mutane. Tana ɗaukar wanda ke bayanka ba da saninsa ba, har da matan da ke aiki a gona ko a bakin rafi. Ka nemi izini a ƙauyukan da za ku ratsa, ka kuma yanke abin da bai kamata ya fita ba. In kun doshi shingen jami'an tsaro, kashe ta ka sauke sandar tun daga nesa.

Idan kuɗin bai kai sabuwa ba, X3 ta hannu har yanzu tana aiki mai kyau. Ko a nan Jos ne ko a kasuwar Banex ta Abuja, kada ka biya sai ka haska idanun biyu da fitilar waya ka duba karce, ka ɗauki bidiyon minti biyar a waje cikin rana, ka buɗe shi a wayarka ka duba layin ɗinkin ko ya haɗu daidai. Ka duba murfin batir da na wurin caji ko robarsu na nan lafiya, don ta nan ruwa ke shiga. Allah ya sa a dace.