Zan iya ƙara wa furosesa gudu ba tare da na ƙona ta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina haɗa bidiyon biki a Bolari, cikin garin Gombe. Na yi wata takwas ina tara kuɗi kafin na haɗa kwamfutar tebur mai furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) Core i5-12600K da allon Z690, wato babban allon ciki da ake dasa furosesa a kai. Wani mai gyara ya ce zai ɗaga mini gudunta, kuma kada in damu, in zafi ya yi yawa ita da kanta za ta mutu ta huta. Gabana na faɗuwa, don da ita nake ciyar da gida.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Faɗuwar gaban nan taka tana kan hanya. Kayanka dai sun dace, tunda harafin K da allon Z su ne sharaɗin Intel na buɗe gudu. Amma maganar mai gyaran nan ita ce nake yaƙi da ita kusan kullum a shago, kuma na gaji da jin ta.

Gaskiya ne furosesarka tana rage gudu da kanta in ta kai digiri 100, in abin ya ƙi ta kashe kanta. Wannan kariya daga zafi ce kawai. Ba ta kare ka daga yawan wutar da aka ɗura mata, wato boltej. Abin da waɗannan masu gyaran suke yi shi ne, su ɗaga gudu, kwamfuta ta daskare, sai su yi ta ƙara boltej har ta tsaya da ƙafarta, su karɓi kuɗinsu su tafi. Ranar kam lafiya lau. Amma wutar da ta wuce ƙima tana cin siraran hanyoyin da ke cikin furosesa a hankali, kamar yadda gara ke cin azara daga ciki, waje kuwa sumul. Bayan watanni sai ka ga aiki ya katse ana tsakiyar fitar da bidiyo, fuskar kwamfuta ta yi shuɗi, daga baya ma gudunta na asali ya gagare ta. Abin da ya ci ya ci, babu saitin da ke mayar da shi.

Wanda ke musu ya tuna 2024. Intel da kansa ya amsa cewa yawan boltej ne ya riƙa lalata wasu furosesocinsa na ƙarni na 13 da 14, har ya ƙara wa masu su garantin shekara biyu. Masu kayan da yawa ba su taɓa wani saiti ba. To ina ga wanda ya zauna yana ɗura wuta da ka, bai san ma inda ake duba ta ba? Kuma lambobin da suke kwafowa daga YouTube, mai bidiyon yana ɗaki mai sanyi ne, ba Gombe a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40. Ko furosesa biyu masu suna ɗaya ba sa ɗaukar wuta iri ɗaya. Haƙƙin mutane ne ake ci, wallahi, don mai kaya ba zai taɓa gane daga ina ɓarnar ta faro ba.

In za ka yi, yi da hannunka. Fara da samun babbar fankar sanyaya mai kyau da man shafawa na gaske da ake sawa tsakanin furosesa da fankar, ba man goge baki ba, ka kuma hure ƙurar hunturu. Saka HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da boltej, ka gudanar da Cinebench, manhajar da ke gwada ƙarfin furosesa ta ba da maki, kafin ka taɓa komai, ka rubuta maki da zafi. In tun yanzu tana haura digiri 85, tsaya nan, sanyaya ce matsalarka. In da sarari, shiga BIOS, wato shafin saitin allon da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ka ɗaga lambar ninki da ke tsara gudun furosesa ɗaya-ɗaya, kowane mataki megahaz 100 ne. Daga 46 za ka fara. Kada ka bar boltej a kan Auto, allo yakan zuba fiye da buƙata. Ni ba na wuce bolt 1.30, iyaka 1.35. Kowane mataki ka gwada da OCCT, manhajar da ke matsa wa furosesa aiki don a ga ko za ta jure, na awa guda, da rana tsaka, ba da asuba ba. In ta ƙi tashi, cire wuta, ka zare ƙaramin batirin allo na 'yan mintoci, saiti zai koma na asali.

Ka sani garanti ba ya biyan ɓarnar ƙarin gudu, kuma ribar da wuya ta wuce kashi 10 cikin 100. Da ni ne kai, zan fara kunna XMP, saitin BIOS da ke sa RAM (ma'ajiyar aikin wucin gadi) ta yi gudun da aka rubuta mata, in sayi UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, musamman don kada wuta ta ɗauke kana tsakiyar sabunta BIOS. Ka aiko mini da makin Cinebench da zafin da ka gani, sai mu duba ko akwai sararin ƙari.